Lifidi da Saƙar Hannu: Abin da Tarihi da Harshe Suka Nuna

Gabatarwa

In an zo maganar yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa na zamanin da, abin da akan kawo shi ne sunayen sarakuna da na garuruwan da aka ci, sa'an nan a lissafa takobi da mashi da kwari da baka. Ba safai akan tuna da matar da ta kaɗa zare ba, ko masaƙin da ya wuni yana jefa ƙoshiya, ko maɗinkin da ya haɗa ƙwarya da ƙwarya. Alhali kuwa babban kayan kariya na manyan mahaya a ƙasashen Hausa da Barno, wato lifidi, daga hannun waɗannan mutane uku ya fito. Sunansa baƙo ne, daga Larabci ya zo, amma ƙyallensa da cushensa da ɗinkinsa duk na gida ne. Wannan maƙala za ta bi tarihin lifidi ta hanya biyu: abin da rubutattun labaru suka ajiye, da abin da kalmomin harshen Hausa suka ajiye. A ƙarshe za a nuna abin da ya shafi masu tsara littattafan karatun manya, domin kalmomin wannan sana'a suna cikin waɗanda ke fita daga bakin jama'a.

1. Mene ne lifidi

Lifidi tufa ce mai kauri da ake yi da ƙyalle biyu, na ciki da na waje, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakaninsu, sa'an nan a bi da allura layi-layi a ɗinke su wuri ɗaya don kada cushen ya motsa. Akan sa wa doki, ya rufe masa wuya da ƙirji da haƙarƙari da kuturi, ya sauko har wajen gwiwa. Mahayi ma yana da nasa. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato, ya kawo sunayen sassan na mahayi: bantan lifidi mai rufe ƙugu da mara da cinya, da safa mai rufe gangar jiki ta sama, da kumakumi. A kai kuma akan sa kwalkwali. Mahayan da ke sa wannan kaya su ne ƴan lifidi, ko ƴan lifida, kuma a wasu fadodin akwai sarautar da aka raɗa wa sunan lifidin kansa, mai riƙe da ita shi ne shugabansu.

Ya kamata a bambanta lifidi da sulke. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa, yawancinsa daga arewa da gabas fatake suke kawo shi, saboda haka yana da tsada, kuma yawansa a hannun sarki ya danganta ga buɗewar hanyar ayari. Lifidi kuwa duk garin da ke da gonar auduga da masaƙa da maɗinka yana iya yin abinsa.

2. Daga gona zuwa masaƙa

Aikin yana farawa ne a hannun mata. In an tsinko auduga, wadda ake ce wa abduga ko kaɗa a ƙasashen yamma, sai a gurje ta bisa magurji da ɗan sandan ƙarfe don a fitar da angurya. Daga nan a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi ta tashi. Sa'an nan mai kaɗi ta ɗauki mazari, tana shafa alli a yatsunta don zaren ya riƙa zamewa daidai. Zare iri biyu take fitarwa. Akwai siriri mai murɗi sosai, wanda zai iya jure ja, shi ne na tsawon saƙa. Akwai kuma abawa, mai kauri, marar murɗi da yawa, wadda ake gittawa. Bambancin nan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin abawa ce ke sa ƙyalle ya yi taushi da kauri.

Masaƙi shi ke yin wadari, wato ya jera zaren tsawon gwargwadon yawan da yake so. Ƙarshen zaren akan ɗaure shi can nesa a jikin kunkuru, wani abin ja da aka ɗora wa dutse, wanda ke matsowa a hankali yayin da saƙa take ci gaba. Da ƙafafunsa masaƙi ke taka allira tana buɗe zare sama da ƙasa, da hannu kuma yana jefa ƙoshiya mai ɗauke da kwarkwaron abawa, yana bugawa da wani abu mai haƙora kamar matsefi. Abin da ke fitowa doguwar ƙwarya ce, faɗinta sau da yawa bai wuce tafin hannu ba. Ta turkuɗi ba ta kai haka ba, ta luru da gwado kuma ta fi haka. Mata su ma suna da tasu masaƙa ta tsaye, mai fitar da ƙyalle mai faɗi amma gajere.

Matsewar saƙa ta danganta ga sirantar zare da ƙarfin bugu. Saƙi, wanda ake yi wa manya riga da shi, matsattse ne, yana cin zare da kwanaki, yana kuma da tsada. Fari na yau da kullum, wanda aka gitta da abawa, sako-sako ne, in an ɗaga shi a rana ana iya hango haske ta tsakanin zaren. Abin da zai rufe doki sukutum, ciki da waje, yana bukatar ƙwarya masu yawan gaske, saboda haka irin wannan fari mai araha ya fi dacewa da jikin aikin, a bar ƙyalle mai launi ga fuskar da ido ke gani.

Yawan wannan sana'a a ƙarni na 19 ba ƙarami ba ne. Heinrich Barth, Bajamushen da ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina ya shiga Kano a farkon 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano, waɗanda ake fitarwa ana sayarwa a wasu ƙasashe, suna kai kuɗi wuri miliyan 300 a shekara. Ƙasar da ke saƙa haka ba za ta rasa ƙyallen da za ta suturta dawakin sarkinta ba.

3. Aikin maɗinki

Saƙa mai sako-sako tana da wahala uku ga mai ɗinki. Ta farko, duk inda aka yanke ta zaren yakan warware. Ta biyu, tana miƙewa in an ja ta, musamman ta kusurwa, sai siffar abin da aka yanka ta karkace. Ta uku, in an cusa mata wani abu a ciki, nauyinsa yakan ja shi ƙasa ya taru wuri ɗaya, sama ta zama fayau, wani kuma ya riƙa leƙowa ta tsakanin zare.

Wahala ta farko masaƙar Hausa da kanta ta rage ta. Da yake ƙwarya siririya ce, gefenta biyu a rufe suke tun daga masaƙa, domin abawa tana zuwa baki ta juyo. Maɗinki ba ya bukatar yanka ƙyalle a tsaye. In yana son faɗi sai ya ƙara ƙwarya, in yana son ya rage sai ya cire. Baki biyu ne kurum ake yankewa, na sama da na ƙasa, su kuma akan yi musu kalmasa, a naɗe bakin ciki a ɗinke. Haɗin da ke tsakanin ƙwarya da ƙwarya kuma yana zama kamar ƙashi a jikin ƙyallen, yana rage miƙewa. Wannan ya bambanta da yadin kanti mai faɗi, wanda dole a yanka shi ta kowane gefe.

Wahala ta uku ita ce ta haifi ɗinkin lifidi kansa. Layukan ɗinkin da ke ratsa ƙyallen waje da cushe da ƙyallen ciki suna raba tufar gida-gida, kowane gida yana riƙe da nasa rabon cushe. In layukan sun yi nisa da juna cushe ya zube, in sun matsu ainun tufar ta yi tauri ta rasa kumburin da ake nema. Gwanintar maɗinki tana wajen sanin wannan tazara. A nan sako-sakon saƙar ya zama taimako, domin allura tana bi ta tsakanin zare ba tare da ta tsinka shi ba, hannu ɗaya kuma yana iya huda kauri mai yawa yini guda.

Game da cushe, audugar rimi ta fi auduga dacewa saboda dalilai sanannu. Silinta yana da rami a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi, kuma ba ta saurin shan ruwa ko zufa. Santsi gare ta, ba ta kaɗuwa a mazari, saboda haka ɗibarta bai rage wa masu kaɗi komai ba. Aibinta ɗaya ne babba: wuta tana kama ta nan da nan.

Dalilin da ya sa tufar auduga ta iya zama kariya yana jikin makamin da ake tsoro. Yawancin dakaru maharba ne, kibiyarsu ta kara ce mai kan ƙarfe, kuma ƙarfinta ba a nauyinta yake ba, a dafin da aka shafa mata yake, wanda ake haɗawa da ƴaƴan kwankwani. Irin wannan kibiya ƙwarzane ya ishe ta ta kashe doki. Abin da ake bukata ke nan shi ne a hana tsininta taɓa fata. Kibiya in ta shiga lifidi sai zaren sako-sako ya ba ta hanya kaɗan yana nannaɗe kanta, cushe ya shanye sauran gudunta, ta maƙale. Doki kuwa shi ne dukiya mafi tsada a fagen fama, kuma shi ne babban abin da maharbi ke iya samu daga nesa.

4. Abin da littattafan tarihi suka ce

Labarin da aka fi kawowa game da farkon lifidi a ƙasar Hausa yana cikin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya ce Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda lissafin Palmer ya sa mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma dalilin shi ne yawan mutanen da ya rasa a yaƙin Umbatu. A wuri ɗaya littafin ya ce yana aika wa Kwararrafa dawaki suna aiko masa da bayi.

Akwai abin lura biyu a nan. Na ɗaya, Tarihin Kano yadda yake a yau an harhaɗa shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, shekara kusan ɗari biyar bayan Kanajeji, shekarun kuma an samo su ne ta hanyar tara tsawon mulkin sarakuna a koma baya. Al'adar masu ba da tarihi ce su rataya kowane sabon abu a wuyan sarki guda. Na biyu, duk da haka labarin yana da ma'ana in an duba abin da ke kewaye da shi. Zamanin da aka ambata shi ne zamanin da doki ya zama ginshiƙin mulki a ƙasashen da ke tsakanin Kwara da tafkin Cadi, kuma littafin ya haɗa abu uku da suke tafiya tare: cinikin dawaki, da hasarar da kibiya ke jawowa, da neman kariya. Ko da sunan sarkin da shekarar ba su tsaya daram ba, jerin dalilan ya tsaya.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta san wannan kaya ba. Dixon Denham, Baturen Ingila da ya zauna a Barno daga 1823 zuwa 1824, ya kawo hoton mahayin Bagirmi sanye da lifidi shi da dokinsa a littafin da aka buga a 1826. Barth da ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851 ya ga irin waɗannan mahaya, ya rubuta sunan kayansu “libbedi”. A can gabas, rundunar Mahadi ta Sudan tana da lifidin dawaki har zuwa yaƙin Omdurman na 1898, wasu daga ciki suna ajiye a gidan tarihi na Landan. Wato hanya ce guda doguwa, daga bakin Nilu zuwa bakin Kwara, inda ake noma auduga, ake saƙa siririyar ƙwarya, ake kuma yaƙi bisa doki.

5. Shaidar harshe

Kalmar lifidi daga Larabci “libd” take, wadda ke nufin gashin da aka danne ya manne wuri ɗaya, da kuma shimfiɗar da ake sa wa doki ƙarƙashin sirdi. Sauyi biyu ya same ta a bakin Hausawa. Na farko, Hausa ba ta ƙare kalma da baƙi biyu a jere, saboda haka wasali ya shiga tsakaninsu, wani kuma ya zo a ƙarshe. Na biyu, “b” ta Larabci ta koma “f”. Wannan sauyi na biyu shi ne mai ba da labari, domin ana samunsa a wasu kalmomi:

al-kitab ta zama littafi;
al-hisab ta zama lissafi;
ar-rikab ta zama likkafa;
al-jaib ta zama aljifu ko aljihu.

Joseph Greenberg, a nazarinsa na 1947, ya raba kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu. Akwai tsofaffi, waɗanda suka shigo ta bakin fatake da matafiya, sau da yawa da “al” manne a jikinsu, suka kuma sauya kama sosai. Akwai na baya, waɗanda malamai suka ɗauko daga littattafai, suka bar su kusa da asalinsu. Kalma guda takan shigo sau biyu: lissafi na kasuwa tsohon shiga ne, hisabi na ranar lahira na malamai ne, kuma “b” ɗinsa tana nan. Haka babi da sababi. Lifidi da “f” ɗinsa yana cikin gida na farko, tare da likkafa da linzami, waɗanda su ma kayan doki ne. Abin kula shi ne “l” ta farkon lifidi ba ragowar “al” ba ce kamar ta littafi da likkafa. Tana cikin saiwar kalmar tun a Larabci.

Akwai wata shaida daga karin harshe. August Klingenheben ya nuna cewa a Hausar gabas baƙin leɓe da ya rufe gaɓa yakan koma “u”: abin da mutanen Tawa da Sakkwato ke cewa abduga da sabka da zamna, Kano tana cewa auduga da sauka da zauna. Lifidi bai bi wannan hanya ba, kuma ana iya cewa wasalin da ya raba baƙaƙen nan biyu ne ya tsare shi. A yamma kuma, inda fita take hita, lafiya take lahiya, lifidi lihidi ne.

Game da hanyar da kalmar ta biyo, Greenberg ya sake nuna a 1960 cewa kalmomi masu nauyi kamar karatu da rubutu, da sunayen sarauta irin su Galadima da Ciroma da Yarima, ta hannun Barebari suka iso Hausa. Kasancewar sunan lifidi a Barno, da matsayin Barno a cinikin dawaki, sun sa hanyar gabas ta fi kowace dacewa da wannan kalma.

In aka juya ga kalmomin aikin kuwa, sai a ga wani hoto dabam. Allura da almakashi, kayan ƙarfe na maɗinki, aro ne daga Larabci, ga “al” ɗinsu nan a fili. Amma saƙa da kaɗi da ɗinki da shiɓa da gurza aikatau ne da suka zauna daram a cikin nahawun Hausa, suna haihuwa ta hanyar ɗafa “ma”: masaƙi da masaƙa, maɗinki, magurji, mazari. Kunkuru da ƙwarya sunayen abubuwan gida ne da aka ara wa sana'a saboda kama. Abin da harshe ya nuna ke nan shi ne dabarar ta zo daga waje da sunanta, ta tarar da masu kaɗi da masu saƙa a zaune da nasu kalmomi, ta shiga hannunsu.

6. Lifidi a ƙarni na 19: Gobir, Maraɗi, Damagaram

Bayan jihadi, sarakunan Haɓe da aka kora suka kafa sababbin mazauni a arewa. Katsina ta faɗi a 1807, Alƙalawa a 1808. Zuriyar sarakunan Katsina suka zauna a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka yi ta sauya wuri har bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Katsina da Abzinawa, sa'an nan aka kafa Tibiri. Daga nan har ƙarshen ƙarni, hari da ramuwa ba su yanke ba tsakanin waɗannan garuruwa da ƙasashen daular Sakkwato.

A cikin wannan yanayi ne aka samu bayani mafi filla-filla na lifidi a bakin daga. Hugh Clapperton yana tare da rundunar Bello a 1826 lokacin da ta kewaye Konya, mazaunin Sarkin Gobir a wancan lokaci. Ya ƙiyasta rundunar da mutum 50,000 zuwa 60,000, mafi yawansu a ƙasa. Ƴan lifidi a cikinsu kaɗan ne a hannun kowane sarki, kuma saboda nauyi da kumburin kayan sai an taimaka wa mahayi kafin ya hau. Aka tura su gaba wajen ganuwa don su ba dakaru ƙarfin zuciya, kibau ba su yi musu komai ba. Amma Gobirawa suna da bindiga guda, mai ita ya harbi na gaban ƴan lifidin ya faɗo daga kan doki. Garin bai ciwu ba, rundunar ta janye.

Wannan labari ya nuna amfanin lifidi da iyakarsa a lokaci guda. Yana tare kibiya, ba ya tare harsashi. Yana hana doki sauri, yana kuma gajiyar da shi a zafin rana, shi ya sa bai dace da hari mai nisa ba, irin wanda barade marasa nauyi ke kaiwa su kore shanu su juyo. Wurinsa shi ne gaban runduna wajen fasa sahun maharba, da kewayen sarki wajen tsaronsa. Da yake kayan da dokin da ke iya ɗaukarsa sun fi ƙarfin talaka, yawanci a hannun fada suke, sarki ke ba wanda ya amince da shi, sau da yawa daga cikin bayinsa.

Abin da ya sa lifidi ya ƙara shekara saba'in bayan Konya shi ne bindigogin zamanin kaɗan ne, na ɗuri ne, suna ɗaukar lokaci kafin a sake cika su. Inda suka yi yawa kuwa, yaƙi ya sauya. Misali shi ne Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulkinsa na biyu daga 1851 zuwa 1884. Kamar yadda André Salifou ya bayyana a littafinsa na 1971, Tanimun ya tara bindigogi ta hanyar ayarin Tarabulus, ya sa aka riƙa haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin Zinder. Ƙarshen al'amarin ya zo da Turawa. A Tirmini, cikin watan Yuli 1899, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta karye a gaban bindigogin sojan Faransa. A 1903 mahayan Kano da na Sakkwato suka gamu da irin wannan a hannun sojan Ingila.

7. Bayan yaƙi ya ƙare

Lifidi bai ɓace ba, ya sauya aiki. Ya koma kayan hawan salla da na tarbar manyan baƙi, a fadodin Hausa na Nijar da Nijeriya, da fadar Zarmakoy na Dosso, da na lamiɓen arewacin Kamaru. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dawakin Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma abin da ake nema ga lifidin hawa shi ne launi da kwarjini, ba tare kibiya ba, saboda haka ba dole ne a yi shi da kauri da matsewar na da ba.

Abin da ya fi shan wuya shi ne ƙyallen. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, akoko da alawayyo da atamfa suka cika kasuwanni har cikin ƙauyukan arewa, da arahar da masaƙin hannu ba zai iya gasa da ita ba. Zaren masana'anta ya shiga masaƙar gargajiya da kanta, mata suka rage kaɗi. Dangin lifidi na gidan talaka su ma suka bi sahu: katifar rimi ta ba katifar soso wuri, bargon kanti ya ture gwado da luru a gidaje da yawa. Inda dabarar cushe da ɗinki ta fi daɗewa ita ce wajen kayan dabbobi, kamar akumarin jaki da shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, wato ta koma kusa da ma'anar “libd” ta asali.

Sakamakon haka a harshe a bayyane yake. Kalmar lifidi tana da fada da maroƙa da hawan salla masu riƙe ta. Abawa da wadari da allira da kwarkwaro da bakan shiɓa ba su da mai riƙe su sai masu sana'ar, kuma in sana'a ta tsaya a gari, kalmominta ba su wuce tsara ɗaya ko biyu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara da yawa daga cikinsu, amma a Nijeriya aka yi aikinsu, ba don Adar ko Arewa ko Damagaram aka shirya su ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata akwai abu huɗu da suka shafi masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci.

Na ɗaya, tattara kalmomin kaɗi da saƙa da ɗinki aiki ne na gaggawa, kuma a bakin masaƙa ya kamata a yi shi, da kayan aikin a gaba, ana nuna kowane sashe ana tambayar sunansa. Tambaya a ɗaki takan fitar da sunayen da kowa ya sani kurum. Ya kamata a rubuta garin da aka ji kowace kalma, a kuma nemi tsofaffin mata, domin rabin kalmomin a wurinsu suke.

Na biyu, batun rubutu. Tun daga taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 har zuwa dokar 1999 da ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, manufar ita ce rubutu ɗaya ga masu karin harshe dabam-dabam. Bisa wannan, a rubuta lifidi da “f”, mai koyarwa ya bar ɗalibin Tawa ko Maraɗi ya karanta yadda bakinsa ya saba. Amma auduga da kaɗa kalmomi biyu ne, ba lafazi biyu na kalma ɗaya ba, saboda haka ƙamus ya kamata ya kawo kowace da wurinta, kada a share ɗaya da sunan daidaitawa.

Na uku, wanda ya gama ajin karatun manya yana bukatar abin karantawa da ya san kansa. Ɗan littafi a kan tafiyar auduga daga gona zuwa riga yana ɗauke da lissafi na gaske, kamar yawan ƙwaryar da za ta yi zane da kuɗin zare da ladan masaƙi, kuma mai karatun yana iya gyara wa marubucin kuskure. Makarantun da ke koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara gwadawa a Zinder a 1973, su ma suna iya haɗa darasin tarihi da na sana'a a wannan batu guda.

Na huɗu, kafin kwamitin kalmomi ya ƙirƙiro sabon suna, ko ya aro na Faransanci, ga tufa ko bargo ko rigar sanyi mai cushe a tsakanin ƙyalle biyu, ya dace ya duba abin da harshe ya riga ya mallaka. “Ɗinkin lifidi” yana faɗin wannan ma'ana daidai, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar salla zai gane abin da ake nufi.